Ranar da Na Bi Safura Gona

Talata, 22 ga Nuwamba, 2022

Safura ta samu aiki. Wai jagorar baƙin da suka zo nan ƙasar Larabawa kallon ƙwallon kofin duniya: a zuba su a bas a kai su gonakin bayan gari, su wuni suna ɗanɗana abin sha. Abin sha! Na ce mata ba jiya aka haife ni ba, na san abin da Bature ke kira abin sha. Ta ce, "Umma, nonon raƙumi ne fa da shayi." Na ce ai haka ake farawa.

Abbansu ya ce in ƙyale yarinya, tun korona take zaune a gida, ko kitso ta daina. Shi dai komai a ƙyale yarinya.

Laraba, 23 ga Nuwamba

Na yanke hukunci. Asabar da ni za a tafi. In na ga kwalbar giya ko ɗaya, khalas, shi ke nan, ta ajiye aikin. Ta yi kuka. Kuka ba hujja ba ne.

Asabar, 26 ga Nuwamba



Mun tashi da hantsi zuwa Shahaniyya, yankin da gonakin suke. Maza da gajeren wando, na yi ta istigfari. Gonar farko nonon raƙumi, da ɗuminsa, gishiri-gishiri. Ta biyu ruwan dabino. Na leƙa bayan kowane teburi, har firij na buɗe. Babu komai.

A ta ƙarshe aka zaunar da mu a tanti, wani dogon mutum ya zo da butar gahawa. Ya ɗiga mini 'yar kaɗan a gindin kofi kamar magani. Na ce a raina, rowa! Na shanye na miƙa masa kofinsa. Ya ƙara. Ni kuwa ba a koya mini mayar da abin da aka ba ni ba, na shanye. Ya ƙara. Na shanye, ya ƙara. Kowa ya gama, ni da shi muna ta yi. Can zuciyata ta fara dukan tara-tara, gumi ya keto mini, kaina ya yi sama.

Sai na miƙe na ce an zuba mini wani abu a ciki. Da Turanci na faɗa, da ƙarfi, ina nuna shi da yatsa, gaban baƙi, gaban mai gonar.

Safura ta durƙusa kusa da ni. "Umma, girgiza kofin ake yi in an ƙoshi. In kin miƙa haka kawai, ƙari kike nema." Ta juya ta yi wa mutumin magana da Larabci, ta yi wa baƙin da Turanci, har suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ajiye butar ya fita.

To wa ya gaya mini?

Litinin, 28 ga Nuwamba

Kamfanin bai kira ta ba. Wai mai gonar ya kai ƙara. Tana gaishe ni, tana wanke-wanke, kamar babu abin da ya faru. Da ma ta yi faɗa.

Na ba maƙwabciyata Hajiya Zuwera labari don ta taya ni ɓacin rai, ta yi dariya har da riƙe ciki. Matar banza.

Laraba, 30 ga Nuwamba

Har yau kamfanin bai kira ba. Ai abin da nake so ke nan tun farko. Ban iya cin tuwo ba.

Alhamis, 1 ga Disamba

Sun kira. Gobe za ta koma, da sharaɗin kada ta ƙara zuwa da 'yan'uwa. Wa ya ce musu zan sake zuwa?

Na ɗauko kilishin da ƙanwata ta aiko daga Kano na ƙunshe mata, na ce ta kai wa mai butar nan. Ta tsaya tana kallona. Na ce ya kusa lalacewa ne, kuma ta gyara ɗaurin ɗankwalinta kafin ta fita.