Saƙon da Zan Kai wa Benvindo

Ni ce Domingas Varela, wadda unguwa ke kira Nha Minga. Ƙafafuna sun ƙi ni, numfashina ya gajarta, amma kaina garau yake. Kada wani ya ce daga baya maganin asibiti ne ya yi magana. 'Ya'yana, Adilson, Neusa, Jailson, da ku nake. Da harshenmu na Kiriyolu na faɗa, Neusa ta juya shi zuwa Fotugis ta rubuta, domin babban ɗana Adilson ya fahimci uwarsa. Wannan kaɗai ya ishe ni baƙin ciki.

Na ɗaya. Gidan nan na Amadora, wanda mahaifinku Benvindo ya gina ranakun Lahadi bayan ya gama gina wa Turawan Lisbon nasu, naku ne ku uku. Ba a sayar da shi muddin ɗayanku na bukatar wurin sa haƙarƙari.

Na biyu. Turmin da na ɗauko daga tsibirinmu Santiago na Jailson ne. Shi kaɗai ke cin kachupata, dahuwar masara da wake, bai tashi ya buɗe taga ba don kada ƙamshi ya kama masa riga. Saƙin uwata na Neusa ne. Ki ɗaura shi a ƙugu, ba ado na bango na ba ki ba.

Na uku. Ba mai bina ko sisi. Bashina na kuka ne, Nha Tuda maƙwabciyata ke bina. Ita ta ɗaga murya ranar makokin mahaifinku, ga shi zan riga ta tafiya ban rama mata ba. Ranar da ta faɗi, ku je ku zauna kan tabarmar makokinta a madadina.

Na huɗu, kuma saboda shi na sa a ɗauko takarda. A wurinmu ba a kukan mamaci haka kawai. Ana kiran sunansa, a ba shi saƙo ya kai wa waɗanda suka riga mu: ka gaida uwata, ka gaya mata ƙafar nan ta warke, ka ce wa yayana 'yarsa ta haihu. Duk wanda ya tafi yana tafiya da kaya. Ranar makokin Benvindo, mata sun fara ke nan, Adilson, ka shigo da baƙin kwat ɗinka ka ce, “Mama, don Allah ku daina wannan ihun, nan ba daji ba ne. Surukaina na kallo.” Matan suka haɗiye muryarsu. Mahaifinka, wanda ya ɗauki siminti a kafaɗa har ka zama lauya, ya tafi wurin iyayensa hannu rabbana, shiru kamar wanda aka kama da sata. Ina cikin baƙin zanen takaba har yau, kuma har yau abin na ci min rai.

Ka taɓa kiran harshena karyayyen Fotugis. Wa ya karya shi? Kakanninmu ne aka zube a tsibiri ba mai jin wani, suka tsinci kalmomin ubangida suka daka da nasu har suka sami abin lallashin jariri. Ba wanda ya ba mu shi, mu muka yi. A ofis ɗinka har gobe suna tambayarka, to amma ainihin daga ina kake? A Santiago kuma suna ce maka ɗan Bature. Amsar tana bakin uwarka, ka ƙi ɗauka.

Saboda haka a shimfiɗa min tabarmar makoki a falon gidan nan, ba a ɗakin haya mai sanyi inda ake raɗa ba. A bar ƙofa buɗe. Fada na coci ya yi addu'arsa, sannan a bar mata su yi nasu. Maƙwabcin da ya ƙosa ya zo ya ci masara.

Na biyar. Neusa, marin da kika yi wa yayanki Adilson a bakin kabarin mahaifinku ya isa haka. Shekarun gabar nan sun yi yawa. Ki gaishe shi, kai kuma ka amsa. Duk Lahadi a ɗora tukunya a gidan nan, ku zo da 'ya'yanku, har da matarka, Adilson. Ita ba ta taɓa ce min in yi shiru ba.

Na sa muku albarka ku uku, da nonon da na shayar da ku. Allah ya tsare ku, ya haɗa kanku, kada ya bar ɗayanku ya ci abinci shi kaɗai.

Adilson ɗana, idan na isa, mahaifinka ba zai fara tambayar gida ba. Cewa zai yi, Minga, me babban yarona ya aiko min? Ka san Fotugis ɗinsa bai wuce na wurin gini ba. Ka durƙusa kan tabarmar nan a gaban surukanka, ka ba ni saƙonsa da harshen da zai ji, ko da kalmomin sun fito a karye. Zan gyara maka su a hanya. In kuwa ka yi shiru, ba zan yi masa ƙarya ba.