Bargon Da Aka Ce In Ce Ni Na Saya

Zuwa ga 'yata Saliha, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki tsaye da ƙafafunki, ba a kwance a gadon da kike kwantar da wasu ba. Allah ya sassauta miki ciwon ƙashin nan, ya sa matan Gembu su ci gaba da sauka lafiya a hannunki. Mu nan gida kowa ƙalau. An sako ruwa a kanal ɗin noman rani, tumatir ya fara ja, albasa ta yi kai. Ƙaninki Fatihu ya koyi tuƙa adaidaita, har ya gaisa da katangar makwabta sau ɗaya. Agwagina suna nan yadda kika san su, suna cin shinkafar mutane ni ina ba da haƙuri.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Aji huɗu na yi a firamare, na huɗun ma rabinsa a bisa mangwaro na yi shi. Da na kira ki a waya mun gama, to amma kin san da zarar na ce salamu alaikum sai innarki ta tuna akwai shara a bakin ƙofata, ta yi ta sharar wuri ɗaya har in kashe. Maganar da zan yi kuwa ba ta kunnenta ba ce.

Kin tuna abin da na faɗa miki watan jiya, da sanyin dutsen Mambilan nan ya tayar miki da sikila ya kwantar da ke karo na biyu. Mun zauna da baffanki Sammani, muka yanke cewa ki ajiye aikin ki dawo gida kafin damina. Na gaya miki, kika ce to. Na san wannan to ɗin, irin ta kakarki ce da na sa miki sunanta, ba ta taɓa nufin an yarda ba. Shekara nawa kika yi kina karatun ungozoma tsakanin aji da gadon asibiti, ni na sani, ni na riƙa kai ki. Amma tsoro ya fi ƙarfina. Bayan kwana biyu sai kika turo hotuna a wayar Fatihu, na wani irin bargo da ake cusa wa gashin tsuntsu, kika ce barguna uku kike rufa, nauyinsu na danne miki ƙashi amma sanyin na shiga, in duba miki wanda ya fi tunda na shekara talatin da agwagi. Ranar nan hulata ba ta zauna daidai ba. Duk wanda na gamu da shi a hanyar gona sai da ya ji cewa daga Mambila ake neman shawarata.

Na ce hoto ba ya nuna gashi, sai na je birni na gani da idona. Ina saka takalmi innarki ta fito da mayafi, wai za ta sayi murfin tukunya. Matar da rabonta da Kano tun kwanciyarki ta ƙarshe a can. Muka sami shagon a kasuwa, mai shagon ya sauko da guda huɗu. Ni, farfesan agwagi, na ɗaga kowanne na auna a hannu, na zaɓi wanda ya fi nauyi, na ce wannan ne na gaske, don a sanina bargon da bai danne mutum ba bai fara aiki ba. Na waiga in ga ko an yaba, sai na tarar innarki ta durƙusa ta sa hanci a cikin ɗaya.

Uwata, abin da na gani ranar nan ban taɓa gani ba. Ta murza nawa tsakanin yatsu biyu, ta ce in taɓa. Na ji tsinke-tsinke. Ta ce wannan gashin fiffike ne da na baya, shi ya ba shi nauyi, wata uku zai huda yadin ya riƙa sukar mutum, kuma ba ya riƙe ɗumi. Na biyun ta shinshina ta ce ba a wanke shi da kyau ba, ranar da damina ta sauka zai yi warin akurki. Na ukun ta ce babu tsuntsun da ya taɓa sanin sa, audugar roba ce, mai shagon ya ce gaskiya ne, shi ma bai ce gashi ba ne. Na huɗun, wanda na raina don kamar ba komai a ciki, ta dunƙule shi a hannu ya koma kamar curin fura, ta saki, ya taso a hankali ya cika wurinsa. Ta ce wannan shi ne lallausan gashin ƙirji, wanda ba shi da tsinke. Ta ɗaga shi saitin rana ta duba ko yadin na da ido, ta juya shi ta bi ɗinkin da yatsa, gida-gida kamar fangalin albasa, ta tambaya me ya sa aka yi haka. Ya ce don kada gashin ya gangara ya taru a ƙafa ya bar ƙirji. Ta ga maɓallai a gefe, ya ce ai biyu ne a haɗe, mai kauri da marar kauri, a raba su in gari ya yi ɗumi, a haɗe in sanyi ya yi tsanani, shekara ta zagayo mutum bai nemi wani ba. Mutumin nan har kujera ya ba ta, ni ya bar ni a tsaye. Ya tambaye ni ko Hajiya ta taɓa zama Turai, na ce iyakarta Bunkure ran kasuwa. Da ta gama ƙare wa ɗinkin kallo ta miƙe ta yi masa godiya, ta ce mu tafi. Ba bargo, ba murfin tukunya.

A mota na yi ta faɗa ni kaɗai. Muna isa gida ta shiga ɗaki, ta jawo buhu uku daga bayan gado, ta kwance bakin ɗaya ta ce in sa hannu. Hannuna ya nutse har gwiwa ban ji na taɓa komai ba, sai ɗumi. Irin na huɗun nan ne sak.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri. Shekara biyu ke nan ina ganin innarki tana bin sheƙar agwagi. Duk wadda ta ƙyanƙyashe ta fita da 'ya'yanta, sai ta je ta tsince gashin da ke ciki ta ƙulle a gefen zane. In an yanka toro a unguwa ta aika a ba ta gashin ƙirji. Ran kasuwar Bunkure mata na miƙo mata ƙullin leda a ɓoye. Magana ta fara yawo cewa Kubra ta shiga tsibbu, har wata ta ce ai shi ya sa Maharazu bai taɓa ƙara aure ba. Na yi dariya a majalisa, amma ba zan yi miki ƙarya ba, na yi wata shida ina yi wa tuwonta bismilla biyu. Shekara ashirin da takwas muna tare, ban iya buɗe baki na tambaye ta ba, ita kuma ba ta iya buɗe baki ta faɗa ba, don in ta faɗa sai ta ambaci wadda ake tara wa.

Kin san halinta da ke. Ke ce ta fari, sunanki bai taɓa fita daga bakinta ba, yarinyar nan ce ke har gobe. Ni kunyata ta ƙare tun ranar suna, ita tata kullum ƙaruwa take. Kina ƙarama in ciwo ya tashi, gwaggonki Binta ke rungume ki a gaban mutane, ita tana bakin murhu tana dafa ruwan gashi, ba ta ko waigowa. Na san kin taɓa tambayar Binta ko innarki na son ki. Binta ta gaya mini, na mayar da abin wasa, don ban san amsar da zan ba yarinya 'yar shekara tara ba.

Ranar buhunan nan na matsa mata, ta yi magana tana kallon bango. Ta ce ranar da takardar aikin yarinyar nan ta zo ta tambayi wata Bafulatana da ta yi kiwo a can, matar ta ce dutsen ba shi da bazara. Washegari da safe ta ga agwagwa mai kwanci za ta fita kiwo, ta tsaya ta ja gashin da ta fige daga ƙirjinta ta lulluɓe ƙwan kafin ta tafi. Ta sa hannu a ciki bayan an daɗe, ta ji shi da ɗumi kamar tokar murhu. Daga nan ta fara tarawa. Abin da ya tsayar da ita, ba ta san yadda ake ɗinka shi ba, shi ne ta bi ni birni ta gano. Ni shekara talatin ina kallon agwagwa tana fige ƙirjinta, abin da na fahimta kawai shi ne ta rame, ba za ta yi kasuwa ba.

Sauran aikin na gani da idona. Ta tsince shi ɗaya bayan ɗaya, duk mai tsinke ta fitar. Ta wanke da sabulu sau uku, ta zuba a tsohuwar rigar matashi ta ɗora a tukunyar da take turara shinkafa, ya sha tururi don ƙwaro da wari su mutu. Ta shanya shi a cikin gidan sauro ta ɗaure bakin, kwana huɗu tana kaɗawa. Mudassiru tela na Kura ya ɗinka, ita ta zaɓi yadin, sai da ta hura shi da baki ta ji iska ba ta wucewa da sauƙi. Na manta na kunna masa fanka ina taimako, shagon ya koma kamar an yi yaƙi da zabi, ya fito da farin gemu bai kai talatin ba. Innarki ta kore ni waje ta bi gashin nan ta tsince har na kan rufi. Ya fito gida-gida, falle biyu, da maɓallai, kamar na birni, sai dai namu ya fi tashi.

Na ce ba za a aika wa Uwata abin da ban gwada ba. Shekaranjiya na dawo daga sallar asuba, sanyin kanal ya shige mini ƙashi, ranar kuma layin ban ruwana ne. Na ce bari in lulluɓa minti biyar. Da farko na raina shi, kamar ba a rufa mini komai ba. Abin da na sani bayan nan shi ne muryar Baballe makwabcin gonata a zaure, rana ta take, yana tambaya ko rasuwa aka yi, don tunda aka haƙa kanal bai taɓa riga ni zuwa ba. Shi ya buɗe wa tumatirina ruwa. Yanzu duk majalisa Ango suke kirana. Innarki ta ƙwace bargon ta shanya, ta ce na sa masa warin taki.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na je wa baffanki Sammani na ce na janye maganata. Ya ce bargo ba ya maganin sikila, na ce na sani, ke ma kin fi mu sani. Amma na gaya masa, mu biyu mun zauna awa ɗaya a inuwa mun yanke ki dawo, wata kuma ta yi shekara biyu tana tsintar gashi don ki zauna, ana ce mata matsafiya ba ta kare kanta ba. Ya ce Allah ya sa haka ne alheri. Saboda haka ki zauna a kan aikinki, Uwata, da yardata. Ki sha maganinki, ki sha ruwa, kada ki bari ruwan sama ya dake ki. Ranar da ke da kanki kika ga jikin ba zai iya ba, ɗakinki na nan, amma ba ni zan kira ki ba.

Abdulsamad direba mai kai albasa Jalingo zai ba wa motar Gembu ƙunshin, takardar na ciki. In kin ɗauka kin ji ba nauyi kada ki ce an sace rabi, haka yake. Innarki ta ce in rubuta cewa ni na saya a kasuwa. To na rubuta, ga shi nan kin gani. Kada ki yi mata godiya a waya, za ta ajiye ta shiga madafa ta bar ni da kunya. In kin kira, ki ce mini kawai kin yi barci, ki ɗaga murya kaɗan. Mai shara za ta ji.

Gwaggonki Binta na gaishe ki, da baffanki Sammani, da Fatihu. Baballe ya ce a gaishe da likita. Ki gaida mai gidan da kike haya da abokan aikinki. Na tambayi innarki ko tana da saƙo, ta ce ba ta da shi. Na ninke takardar, sai ta ce daga bakin ƙofa, a gaya wa yarinyar nan ta riƙa shanya shi duk ranar da rana ta fito, kuma ta rufe ƙafafunta, tun tana jaririya ta ƙafa sanyi ke kama ta. Shi ne na warware na ƙara.

Allah ya yi miki albarka, ya tashe ki lafiya kowace safiya.

Ni ne mahaifinki, ɗanki kuma,
Maharazu mai agwagi, wanda aka sauke daga farfesa.