Kada a Sa wa Jakar Balkisu Reza

Zuwa ga Shugaban sabon kamfanin jakunkunan tafiya da ke Sakkwato, inda ɗiyata Balkisu ke aikin zane.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikata. Sunana Garba, gero nika sayarwa tsakanin Kebbe da Tambuwal. A boko aji fuɗu na tsaya, ni da malamin lissafi muka rabu ba wanda ya yi kewar wani. In ka ga harafi ya karkace, a yi mani uzuri. Na rubuto a fili ne don 'yan kasuwa sun riga sun shiga maganar, gara su ji ta daga bakina.

Na farko. Bayan ƙaramar Sallah Balkisu ta zo gida da igiyar awo irin ta tela, ta auna bayana sama da ƙasa, har na tambaye ta ko likita ya faɗa mata wani abu ne. Ita ta gano kafaɗata ta hagu ta sauka, ɗaukan buhu ya danne ta. Ni shekara da shekaru telolin Kebbe nika zargi da rashin iya riga. Da farkon damina ta dawo da jakar goyo, ta rataya mani da hannunta.

Na biyu. Ranka ya daɗe, ban taɓa ganin abu irin wanga ba. Maɗaurin hagu ya fi na dama kauri, sai jaka ta zauna cif kamar da ita aka haife ni. A gefe akwai aljihun buta mai 'yar huda a ƙasa, ruwa ya ɗige waje, kaya su tsira. Akwai wurin soke sallaya. Akwai ɗan aljihun goro da ba ya barin goro ya bushe. In na hau babur ɗin kabu-kabu, gindinta kan kujera yake sauka, duk gargadar hanyar Kebbe ba ta jana baya. Ruwa ya taɓa kama ni bayan Dogon Daji, na jiƙe har hula ta zama tsumma, amma rediyona da rigar Juma'a ko ɗigo. Na zauna a rumfar mai shayi ina juya ta ina kabbara. Yarinyar da na sha kora don tana yanka mani buhunan wofi tana ɗinke-ɗinke, ita ce ta zauna ta yi tunanin butar ubanta. 'Yan kasuwa sun sa mani suna ɗan firamare, wai na koma ƙarasa aji biyar. Na amsa sunan.

Na uku, nan kukana yake. Makon jiya direbanku ya zo, wai jakar samfur ce, gwaji aka ba ni, za a mayar a farke ta da reza a ga inda ɗinki ya gaji. Na kira Balkisu, ta ce haka aikin yake, ta kuma faɗa mani tun ranar farko. Ban musa ba. Wataƙila lokacin hankalina yana kan zif. Ta ce za a ba ni sabuwa.

A wurinmu, abin farko da ɗa ya samar da hannunsa iyaye ake kai wa su sa albarka. Ni haka na karɓe ta. Na kai wa yayana liman ya dafa ta ya yi addu'a, uwarta ta yi hawaye. Sabuwar da za ku bayar ta kowa ce, wagga kuwa a kan karkatacciyar kafaɗata aka ɗinka ta. Shi ya sa direbanku ya sha fura ya koma hannu wofi.

Roƙona ga shi. Kada a ɗora wa Balkisu laifi, taurin kan nawa ne, kuma ba ta gada ba. In inda jakar ta gaji kuke nema, ɗinkin ƙarƙashin aljihun buta ya fara saki, zif na sama kuma yana cijewa in yashi ya shiga. In duk da haka sai an farke, ba zan tare wa ɗiyata hanyar aiki ba. Amma kada a sake turo direba. Ita ta rataya mani, a ba ta dama ta zo ta sauke. Ta farke da hannunta, ta ga abin da za ta gani, ta mayar ta ɗinke ta ba ni abata, ko da tabo ne. Ni ma da tabo nika yawo, ba wanda ya musanya ni.

Allah ya ɗaukaka kamfaninku, ya kai jakunkunanku inda ƙafata ba ta taɓa zuwa ba, ya ba ka 'ya'yan da za su lura da kafaɗarka.

Wassalam.

Garba mai gero, ɗan firamare, Kebbe.