Babin da Na Ɓoye wa Celestina

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Celestina Pardoe ta amsa wasiƙata! Shekara biyu ina digirin dakta a kan littattafanta, sai yau. Layi ɗaya tak: in zo Birmingham ranar Asabar. Shekararta tamanin da huɗu.

Na kasa zama wuri ɗaya. Damuwata babi na uku, inda na goyi bayan masu sharhin da suka ce littafinta na ƙarshe rahoton jarida ne kawai, ba ƙagaggen labari ba. Tun daga wannan dukan ba ta sake buga komai ba. Ni kuwa har na fi su zafi.

Asabar, 12 ga Oktoba

Jirgin ƙasa, sannan bas ta Stratford Road. Na kai mata turaren wuta. Da na durƙusa gaishe ta, sai ta tambaye ni ko wani abu na yar. Ta haɗa min shayi, ta nuna min hotunanta tana 'yar jarida a bakin masana'antu lokacin yajin aiki. Kafin in fito na ji bakina yana ce mata Mama.

Talata, 15 ga Oktoba

Na goge shafi goma sha ɗaya daga babi na uku. Sa'ar kakata ce, na kuma sha shayinta. Da wane ido?

Juma'a, 18 ga Oktoba

Dakta Zoe, mai duba aikina, ta karanta sabon babin, ta ce, “Rumaisa, bincike ne wannan ko ta'aziyya?” Kwamiti zai zauna ran 8 ga Nuwamba. In babin ya je haka, ba za su bar ni in shiga shekarar ƙarshe ba. A ƙafa na taka daga jami'a a Oxford Road har gida a Longsight, haushina bai sauka ba.

Asabar, 26 ga Oktoba

Na koma wajen Celestina. Ana cikin hira ta jefo min tambaya: yaya na ga littafin ƙarshe? Na sunkuyar da kai, yadda aka koya min a gaban manya, na ce ya yi kyau.

Ta ƙura min ido. Can ta ce, “Ko kallona ba kya iya yi. Waɗanda suka yaga ni a jarida sun karanta ni. Shekara talatin kowa lallaɓa ni yake yi, kamar ƙwai.”

Ni ladabi nake yi, ita tausayi ta gani. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na share ɗaki sau biyu. Ban buɗe kwamfuta ba.

Laraba, 30 ga Oktoba

Na dawo da shafukan, har na ƙara biyu. Kwafi ɗaya ga Dakta Zoe, ɗaya a ambulan zuwa Birmingham. Na daɗe a tsaye gaban akwatin gidan waya.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Celestina ta kira. Ko gaisuwa babu. Wai shafi na tara shirme ne, wai ban taɓa tsayawa a bakin masana'anta ba. Na ce masana'antar tana littafin, mutanen ne babu. Minti arba'in muna musu. Ina jin har murya na ɗaga, Allah Ya yafe min.

Ta ce in zo Asabar mu ƙarasa, in taho da biro ja.

Sai da na ajiye wayar na tuna ban ba ta haƙuri ba. Ban sake kira ba.