Unguwa Na Yi wa 'Yata Fatan Zazzaɓi Saboda Makin Kemistiri

Zuwa ga Ustaz Mudir, shugaban sakandaren 'yan mata ta unguwarmu a Alsawra, Omdurman.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da malaman da ke ƙarƙashinka. Ni ne mahaifin Sumayya ta aji uku, ɓangaren kimiyya, mai sayar da agashe, tsiren nan namu, a kasuwar Suk al-Shabi. Na yi ta sintiri ofishinka har bencin ƙofa ya san ni, kullum sai a ce kana taro. To tunda ganinka ya gagara, na sa ƙanena ya riƙe alƙalami, ina faɗa yana rubutawa, mu baje maganar a fili kowa ya ji.

Na farko. Yadda aka bayyana mini, idan malamin kemistiri ya gama duba takardu sai ya nemo wadda ta fi kowa, ya cika mata makinta ya kai ɗari, abin da ya ƙara mata kuma ya ƙara wa kowa. Wai jinƙai ne, don jarrabawar tana da tsauri. Madalla da jinƙai! A zangon farko zazzaɓin cizon sauro ya kayar da Sumayya, ba ta zauna jarrabawar ba. Wadda ta zo ta ɗaya ta ci sittin da ɗaya, aka bi kowa da talatin da tara. Yarinyar da ta ci goma sha ɗaya da guminta ta haye, aka rangaɗa guɗa, ubanta ya kayar da rago. Har ita Sumayya, tana kwance ana yi mata ƙarin ruwa, sakamako ya iso gida da talatin da tara. Har yau ban san da wane hannu ta rubuta su ba.

Na biyu. A zango na biyu Allah ya ba ta lafiya, ta ci casa'in da takwas. Ƙarin da kowa ya samu biyu ne, aji ya zube warwas. Daga ranar unguwarmu ta iya lissafi. Tsofaffin da ko agogo ba sa iya dubawa sun gane cewa lafiyar 'yata ita ce faɗuwar jikokinsu. Maƙwabciyarmu Hajja Asabe kullum da safe sai ta leƙo ta tambayi jikin Sumayya, in aka ce lafiya lau sai ta yi ajiyar zuciya ta juya. Matan layi sun daina kiran matata shan gahawar jabana. Makon jiya aka shigo tsakar gida aka ɗauke gidan sauron yarinyar daga kan igiya, aka bar sabuwar jallabiyata tana shanye a gefensa. Ustaz, wane irin ɓarawo ne wannan?

Na uku. Ran Juma'a bayan an sauko, sai ga dattawa a ƙofata da buhun sukari da ganyen shayi, irin zuwan da ake yi in za a sasanta rikicin jini. Jagoransu Malam Bilal, wanda ya riƙe mini allo ina yaro. Suka ce su ba faɗuwa suke nemar mata ba, Allah ya sauwaƙe, so suke kawai ta tsaya a saba'in. Wani ya ce sittin da biyar, wani ya ce a'a a ji tsoron Allah, aka yi ta ja-in-ja a kan kan 'yata kamar ana cinikin tunkiya. Hujjarsu ita ce ba ta da asara, in dai ita ce ta ɗaya ai ɗari za a cika mata. Na tambaya, to in wata ta wuce ta fa? Aka ce in kwantar da hankalina, an tura tawaga gidan waccan ma. Na sunkuyar da kai na ce in sha Allahu, don bakina ba zai iya ce wa Malam Bilal a'a ba. Sukarin yana nan a zaure ba a kwance shi ba. In na mayar na ci fuskar manya, in na sha na amsa.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni sakat. Jarrabawar bayan Sallah ita za ta fid da wadda za a ba kujera ɗaya tak ta kyauta a ajin musamman na shirin shahada, jarrabawar gama sakandare, kuma ka sani mai agashe ba ya iya sayen wannan kujera. Tun tana ƙarama Sumayya ba ta da zance sai na zama mai haɗa magunguna. Amma ƙawarta Ikhlas, wadda suke cin kisra a kwano ɗaya tun suna tatata, tana cikin waɗanda suka faɗi, kuma yanzu in ta hango ta sai ta canza hanya. Shekaranjiya da la'asar na dawo na tarar da 'yata a gindin darbejiya tana rubutu tana kuka. Uwarta ta gaya mini koyon kuskure take yi, irin wanda malami ba zai gane da gangan ba ne. Sai ta ɗauko tambaya da niyyar ɓatawa, hannun ya kufce mata ya rubuta daidai, ta goge ta sake. Wallahi zuciyata ta karye, na koma waje don kada ta ga idona.

Don haka ina roƙonka, don girman Allah, kafin Sallah. A ba kowace yarinya abin da ta ci. In jarrabawar ce ta yi tsauri, a sassauta ta ko a ƙara koyarwa, a daina rataya aji guda a wuyan 'yar mutum ɗaya. Ka kuma tara iyaye ka gaya musu da bakinka cewa an canza tsari, don ni ba za su yarda da ni ba. In kuwa duk ba za su yiwu ba, ka rubuto mini da hatimin makaranta maki nawa ya halatta ta ci, wanda za ta samu kujera kuma a amsa gaisuwar uwarta.

Ni ban taɓa zama a aji ba, Ustaz. Tun ran da aka haife ta, bayan kowace salla addu'ata ɗaya ce, Allah ya buɗa mata ƙwaƙwalwa. Ya amsa. Yanzu sai in ɗaga hannu in rasa abin da zan roƙa mata, in shafa haka nan in tashi.

Allah ya yi maka jagora, ya dafa maka a wannan riƙo, ya ba 'ya'yanka ilimin da ba za su ɓoye shi ba.

Wassalam.

Naka, mahaifin Sumayya,
mai agashe, Alsawra.