Baba Ya Sauko Daga Suri

Laraba da dare, Yendi

Hannuwana sun yi kanta, amma murna ta hana ni barci. Yau muka kunna eriyar da na yi sati uku ina ɗaurawa a dogon ƙarfen ƙauyenmu. Shekara da shekaru, sai Baba ya hau surin bayan masallaci wayarsa ke kama sabis. Ina can sama na kira shi, na hango shi ya tattare riga ya ruga wajen surin nan.

"Baba, ka koma ɗaki mana!"

"Ke Sadiya, za ta yanke!"

Da ƙyar ya yarda. Shi da ya ce mace ba ta hawan ƙarfe, yana zama kan buzunsa ya ce, "Injiniya, ina jin ki raɗau. Sauko a hankali."