Yatsun Yaya Horácio

Fall River, 8 ga Nuwamba, 1931

Zuwa ga Yaya Ermelinda,

Gaisuwa mai yawa daga wannan gari mai hayaƙi zuwa gare ki da mutanen gida can São Miguel. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ku lafiya, Ya kuma sassauta wa Mama ciwon gwiwarta. Mu nan muna lallaɓawa. Tarin 'yata Amélia ya yi sauƙi, mijina kuwa yana nan da ƙorafinsa, ko miya ta yi daɗi sai ya samo mata laifi.

Maganar Yaya Horácio ce ta sa ni zama in rubuto, kuma wallahi zuciyata ba daɗi. Kin san tun da ya sauka daga jirgi ƙungiyar ƙwallon masaƙarmu ta ɗauke shi gola, aka ba shi injin saƙa a sashenmu don ya riƙa tsare musu raga ran Lahadi. Sauran gololi naushin ƙwallo suke yi su huta. Shi ko taurin kai bai bar shi ba, sai ya rungume ta da hannu ba safa, 'yan gaba su banko shi, takalma su bi ta kan yatsunsa. Na sha yi masa faɗa, ya ce wai abin da aka ba shi tsaro ba ya jefar da shi.

Abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne, ya daɗe ba ya iya ƙulla zare. Yatsun sun karye sun haɗe a karkace. In zare ya tsinke a injinsa, mu matan sashen muke ƙulla masa a fakaice, kowacce in ta zo wucewa. Tsohuwa Brígida, maƙwabciyar injinsa, takan tsokane shi ta ce wai jarumin Lahadi, gurgun Litinin, ya matsa gefe ya ba manya wuri. Ya yi dariya ya ce ai ita ma makogwaronta bai warke daga ihun jiya ba.

To, bana an rushe ƙungiyar, aka kuma kawo sabon mai kula da sashe wanda bai taɓa zuwa filin ƙwallo ba. Ran Talata ya kama Brígida tana ƙulla wa Yaya zare. Ya tsayar da injin, ya tsinka zare da gangan, ya ce Yaya ya ƙulla a gabansa. Yaya Ermelinda, mutumin da dubban mutane suka yi wa tafi ya tsaya yana gumi, zaren yana sulluɓe masa. Muna kallo, ba mai halin matsawa. Ya ajiye zaren da kansa, ya ɗauki hularsa ya fita. Na yi kuka har ban ga injina ba.

Yanzu yana ɗakinmu na baya, ba ya ko leƙa titi don kada a kira shi da sunan gola.

Ki gaida Mama, amma ki bi ta a hankali da labarin nan. Ki gaida mijinki Albano, da Kawu Jacinto, da Gwaggo Filomena.

Da na zauna rubutu Yaya ya leƙo, ya ce in tambaye ki ko gonar Baba ta bayan coci tana nan ba a sayar ba. Ya juya zai tafi, sai ya dawo ya ce ki tambayar masa Kawu Jacinto, ban da gaban mutane, ko mutum zai iya riƙe fartanya da yatsu uku.

Ƙanwarki mai kewarku,
Deolinda